Me Ya Sa Sabon Furosesa Ke Ƙin Zama A Tsohon Madabod?

Ka ɗauka kana Rano ko Kibiya, kana da kwamfutar tebur 'yar hannu, kana so ta riƙa ɗaukar wasan ƙwallo ba tare da sarƙewa ba. Ka tara 'yan kuɗinka, ka hau mota zuwa Kano, ka shiga Beirut Road ka sayo furosesa mai ƙarfi. Ka dawo gida ka kwance injin, sai ka tarar ya ƙi zama a gurbinsa. Kuɗin mota ya tafi, kuma ba kowane mai shago ke karɓar kayan da aka riga aka fita da su ba. To, wannan matsalar tana da tarihi.

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta PC mai furosesa 8088 na Intel. An harhaɗa ta ne da kayan da ake samu a kasuwa, aka kuma wallafa bayanan tsarinta, sai wasu kamfanoni suka shiga ƙera irinta. Nan al'adar sayen sassa ɗai-ɗai a haɗa ta kafu. A 1995 Intel ya kawo ATX, ma'aunin girman madabod da wuraren ɗaure shi, wanda har yau shi ake bi.

A tsakiyar shekarun 1990 abin da sauƙi. Gurbin da ake kira Socket 7 yana karɓar Pentium na Intel, da K6 na AMD, da na Cyrix. Bod ɗaya, ka zaɓi wanda aljihunka ya iya. A 1997 Intel ya koma Slot 1 da Pentium II, bai ba AMD damar bin sa ba. AMD ya yi nasa gurbin a 1999 tare da Athlon. Tun daga nan kowa ya kama gabansa: furosesan wannan ba ya shiga bod ɗin wancan.

Sauyi na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ma ya fi cin kuɗin mutane. Da can, sashen da ke kula da shige da ficen bayanai a RAM yana kan madabod ne. AMD ya mayar da shi cikin furosesa a 2003 da Athlon 64, Intel ya biyo baya a 2008. An samu sauri, amma sai ya zama furosesa ne ke yanke irin RAM ɗin da za ka sa. Ita kuma RAM tana sauya zubi: DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 a kasuwa daga 2021. Kowace an matsar mata da ɗan tsagin da ke gindinta, da gangan, don kada ta shiga ramin da ba nata ba. In ka ji ta ƙi shiga, kar ka danna.

Ƙidayar ƙafafu ma ba ta isa hujja ba. Intel ya fito da LGA 1151 a 2015, a 2017 ya sake wani da suna ɗaya, ƙafafu 1,151 cif. Furosesan ƙarni na takwas zai zauna daram a bod ɗin ƙarni na shida, ka kunna, shiru. A ganina wannan rikitarwa ce da ba ta kamata ba. AMD kuwa ya riƙe AM4 tun 2016, har wanda ya sayi Ryzen na farko a 2017 zai iya ɗora Ryzen 7 5800X3D na 2022 a kan bod da yawa na wancan lokacin, bayan sabunta BIOS. Ga mai tara kuɗi a hankali, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne.

Akasarin 'yan hannun da ke zuwa mana tsofaffin kwamfutocin ofis ne, irin su Dell OptiPlex. Ba don wasa aka yi su ba. Da yawansu akwatinsu siriri ne, na'urar ba su wuta ƙarama ce, filoginta ma ba irin na ATX ba ne, don haka babban katin hoto ba shi da wurin zama, balle abin ci. A irin wannan injin, ƙara RAM ta zama sanda biyu masu girma ɗaya, da sauya tsohon hadis da SSD, sun fi sabon furosesa amfani.

Kafin ka kama hanyar Kano, ka buɗe murfin ka rubuta lambar madabod ɗinka, ka duba jerin furosesan da yake karɓa a shafin kamfanin. Ka kuma tambayi ƙarni: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance sai Intel ƙarni na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama.