Bayodizal

Bayodizal man injin dizal ne da ake samarwa daga man tsirrai, kamar manja, man waken suya da man bini da zugu. Ana haɗa man da sinadarin metanol da 'yar sodar yin sabulu, a ɗumama zuwa kusan digiri 60 a ma'aunin Selsiyus. Idan haɗin ya kwanta sai ya rabu gida biyu: bayodizal a sama, gilisarin a ƙasa saboda nauyinsa.

Kilo 100 na mai kan ba da kusan kilo 10 na gilisarin, wanda ake tacewa a yi sabulu, man shafawa da magunguna da shi. Babbar matsalar aikin ita ce ruwa, domin in ya shiga, wani sashen man sabulu yake komawa, rabuwar ta yi wuya.