Tabkin Madarunfa da baƙinsa masu fukafukai

Ƴan'uwana ɗalibai, in aka ambaci Madarunfa yawancinmu abu biyu ke faɗo mana a rai: kifi da kushewun waliyyai 99 da ake zuwa ziyara lokacin Mauludi. Ni kuwa tarihin tsuntsayen wurin nake so mu duba.

Tabkin yana kudu da Maraɗi, ba nisa, kuma ruwan gulabe ne ke cika shi da damina. Baƙinsa iri biyu ne. Akwai na Afirka kamar shamuwa, wadda kakanninmu suka sani tun da daɗewa: in ta sauka, manomi ya gyara hauya, ruwa ya kusa. Akwai kuma na nesa, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu gudun sanyin Turai. Waɗannan sai sun ƙetare teku da hamadar Sahara kafin su iso wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Nan suke tarar da ƴan gida, su balbela da zalɓe da kirinjijiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, farin da ya fara a Sahel a 1968 har Ingila aka ji shi. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a can suka ga wani ɗan tsuntsun da suka saba gani ya ragu ƙwarai. Da aka bi sawu, sai aka gane a nan wajenmu ya rasa ruwa da abinci. Wato tun kafin yunwar 1973 ta yi suna a rediyo, tsuntsu ya riga ya kai labari.

A 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran. Nijar ta shiga a 1987 da gandun dajin W. Tabalak ta jahar Tawa ta samu shiga a 2005. Madarunfa fa? Sai 2019, tare da Gidimuni ta jahar Damagaram. A ganina an makara, don tun 2006 aka sa tabkin da dajinsa da kushewun cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su.

To amma takarda ba ta hana yashi tafiya. An sare itatuwan gefe, ruwan sama na kwaso ƙasar gonaki yana zubawa ciki, tabkin na cikewa a hankali. Madatsar Jibiya da aka gina a Najeriya wajen 1990 ita ma ta canza yadda ruwa ke saukowa Gulbin Maraɗi. Masunci na kuka, mai lambu na kuka.

Ran 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, lokacin baƙin na nan ba su tafi ba. Ina ba ƙungiyarmu shawara mu je da kaye da biro, mu ƙidaya su, mu kuma tambayi tsofaffin masunta sunan kowane da Hausa, mu rubuta.