Harshe a Matsayin Shaida: Labarin Sojan da Ya Zama Ɗan Gudun Hijira

Maƙalar wannan mako ta shafi wata tambaya da ta daɗe tana damun hukumomin Turai: idan mutum ya zo neman mafaka ba fasfo ba takarda, ta yaya za a san gaskiya yake faɗa?

Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ba wanda ya gudo daga zalunci 'yancin samun kariya. Sai dai mai gudun ceton rai ba ya tsayawa tattara takardu, galibi labarinsa kaɗai ne hujjarsa. Shi ya sa a shekarun 1990 ƙasashe irin su Suwidin da Suwizalan suka fara naɗar muryar masu neman mafaka, su ba masana su saurari karin harshensu. A 2003 kuma Tarayyar Turai ta buɗe rumbun adana zanen yatsu mai suna Eurodac.

Duk da haka, a ƙarshen 2015 wani hafsan sojan Jamus, wanda kafafen labarai ke kira Franco A., ya je ya yi rajista a matsayin ɗan Siriya mai suna David Benjamin. Bai iya Larabcin kirki ba, da Faransanci aka yi masa tambayoyi, kuma aka ba shi kariya. A lokacin ma'aikata sun yi kaɗan, masu jira kuma sun yi yawa. Asirinsa ya tonu ne a 2017, bayan an kama shi a filin jirgin saman Viyana ya je ɗauko bindigar da ya ɓoye a banɗaki. Da aka duba zanen yatsunsa, sai ga shi ya dace da na wancan "ɗan Siriya". A 2022 kotu a Frankfurt ta ɗaure shi shekara biyar da rabi saboda shirya kai hari.

A shekarar da aka kama shi, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Jamus ta fara amfani da manhajar da ke sauraron murya ta yi hasashen karin harshe. Amma tun 2004 wasu masana harshe suka yi gargaɗi cewa magana tana nuna inda mutum ya tashi ne, ba ƙasar da ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa ba. Mu Hausawa shaida ne. Bakatsine da Bamaraɗe kusan baki ɗaya suke yi, ga kuma Hausawan Sudan da kakanninsu suka zauna a hanyar Hajji. Wace na'ura za ta raba su da iyakar taswira?

Kuskure a nan kaifi biyu gare shi. Idan aka yi sakaci, maƙaryaci ya shige. Idan aka dogara da ma'auni ɗaya, a mayar da mai gaskiya hannun waɗanda ya guje wa. Duk wanda zai rubuta labarin ɗan gudun hijira a cikinmu, ya riƙe waɗannan biyun tare. Sai na ji ra'ayoyinku.