Rumbun bayanai na gida: Yadda ake zaɓar na'urar NAS da kula da ita

Na'urar NAS wani ƙaramin akwati ne mai ɗauke da faifan ajiyar bayanai, wanda ake jona shi da rautar gida ta hanyar kebul. Duk kwamfuta ko wayar salula da ke kan rautar za ta iya ajiye fayil a ciki ko ta ɗauko, ba tare da an ƙona data ba, domin bayanan ba sa fita daga gidan.

Ga dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, ko mai safarar kaya ta iyakar Nijar, rasit da takardun kwastam da lissafin bashi su ma dukiya ne. Haka takardar kama aiki da ta ƙarin girma suke ga ma'aikaci a Gumel ko Gagarawa ranar da ya zo neman fansho. Da yawa a waya kaɗai suke ajiye hotunansu, ga shi waya kan lalace, kuma akan sace ta.

Wace za a saya?

Fitattun masu ƙera na'urar su ne Synology da QNAP, dukkansu kamfanonin Taiwan. Mai gurbin faifai biyu ta wadatar a gida. Yawanci akwatin daban ake sayar da shi, faifan daban, kuma ya kamata a nemi waɗanda aka ƙera don aikin dare da rana, irin su WD Red Plus ko Seagate IronWolf. A tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Saboda haka faifai biyu masu terabait 4 kowanne, terabait 4 kacal za su ba da, amma idan ɗaya ya mutu bayanan suna nan.

Wuta, zafi da ƙura

Na'urar ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata da sola za su riƙe ta. Haɗarin shi ne ɗaukewar wuta farat ɗaya tana cikin rubutu, wanda kan lalata fayiloli, don haka ake haɗa ta da batirin UPS. Akasarin na gida an ƙayyade musu aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali arewacin Jigawa kan haura haka a Afrilu da Mayu. A ajiye ta a ɗaki mai iska, sama da ƙasa, a riƙa share fankarta lokacin hunturu.

Tsaro

A Janairun 2022 manhajar DeadBolt ta kulle dubban na'urorin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, masu kutsen suka nemi kuɗin fansa. Rigakafin shi ne kalmar sirri mai ƙarfi, sabunta manhaja, da rufe hanyar shiga daga waje idan ba a buƙata. Mai ajiye bayanan abokan ciniki kuwa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su.

Faifai biyu a akwati guda ba sa hana asara idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo. Ƙa'idar masana ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, ko shago ko gidan ɗan'uwa.