Amurka: Abin da likitocin iyali ke nema a majalisun jihohi kan duba marar lafiya daga nesa da inshorar Medicaid

A Amurka, majalisun dokokin jihohi 50 ne ke yanke hukunci kan abubuwa da dama da suka shafi lafiyar talaka: wa zai samu inshorar gwamnati, nawa za a biya likita, kuma wane likita ne ke da izinin duba marar lafiya ta waya. Shi ya sa likitocin iyali, wato waɗanda ke duba yaro da babba da tsoho kafin a tura su wurin ƙwararru, suke yawan kamun ƙafa a waɗannan majalisu.

Su wane ne ke wannan aiki

Babbar ƙungiyarsu ita ce AAFP, wadda aka kafa a 1947, kuma hedikwatarta tana garin Leawood a jihar Kansas. Tana da reshe a kowace jiha, kuma rassan ne ke bin diddigin ƙudirorin doka, su ba da bahasi a gaban kwamitoci, su shirya ranar da mambobi za su gana da wakilan mazaɓunsu. A jihohi da dama akwai al'adar da likitan iyali ke zuwa ginin majalisa a matsayin likitan wannan rana, ya duba duk wanda ya kamu da rashin lafiya ba tare da karɓar kuɗi ba. Lokaci kuwa ƙarami ne: majalisar Teksas tana zamanta na ƙa'ida ne sau ɗaya a shekara biyu, na kwana 140 kacal.

Medicaid

An kafa shirin Medicaid a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, domin masu ƙaramin ƙarfi. Gwamnatin tarayya tana biyan aƙalla rabin kuɗin, jiha ta cika sauran kuma ta gudanar da shirin. Dokar lafiya ta 2010 da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ta faɗaɗa shi zuwa manya waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha tana da zaɓi. Zuwa ƙarshen 2023, jihohi 40 da birnin Washington sun amince, ta ƙarshensu Karolina ta Arewa. Goma sun ƙi, cikinsu har da Teksas, Filorida da Mississippi, duk da cewa tarayya ce ke ɗaukar kashi 90 cikin 100 na kuɗin sababbin shiga.

Hujjar likitocin ita ce mai ciwon suga ko hawan jini da ba shi da inshora yakan jira har ciwo ya ci jiki, sannan a kwashe shi zuwa sashen gaggawa inda magani ya fi tsada. Masu adawa kuma suna cewa kashi 10 ɗin da ya rage nauyi ne a kan kasafin jiha, kuma tarayya na iya janye alkawarinta wata rana.

Batu na biyu shi ne farashi. A yawancin jihohi Medicaid tana biyan likita ƙasa da abin da Medicare, inshorar tsofaffi, ke biya, abin da ke sa wasu asibitoci ƙin karɓar sababbin masu katin. A 2013 da 2014 tarayya ta daidaita kuɗin biyu ga likitocin matakin farko. Da wa'adin ya ƙare, wasu jihohi ne kawai suka ci gaba da aljihunsu.

Duba marar lafiya daga nesa

Kalifoniya ta yi dokarta kan wannan tun 1996, amma annobar korona ta 2020 ce ta mayar da shi ruwan dare, lokacin da aka sassauta ƙa'idoji na wucin gadi. Dokar ta-ɓacin lafiya ta ƙare a watan Mayun 2023, sai muhawara ta koma kan abin da za a mayar doka ta dindindin. Tambayoyin su ne:

Na ɗaya, shin dole ne kamfanin inshora ya amince da ganin likita ta bidiyo? Na biyu, idan ya amince, zai biya daidai da kuɗin zuwa asibiti? Likitoci na cewa hayar gini da albashin ma'aikata ba sa raguwa don an yi magana ta bidiyo. Kamfanoni na cewa aikin ya fi sauƙi. Na uku, kiran waya zalla ba hoto, wanda shi ne mafita ga tsofaffi da mazauna karkara marasa intanet mai ƙarfi. Na huɗu, lasisi: a ƙa'ida sai likita yana da lasisin jihar da marar lafiya yake zaune a lokacin kiran. Wata yarjejeniya tsakanin jihohi da ta fara aiki a 2017 ta sauƙaƙa samun lasisin jiha fiye da ɗaya.

Likitocin iyali suna goyon bayan tsarin, amma da sharaɗi. Suna son marar lafiya ya riƙa magana da likitan da ya san tarihinsa, maimakon baƙon likita na wani kamfanin intanet wanda ba zai sake ganinsa ba.

Iyakar ikon jiha

Dokar jiha ba ta kai ko'ina ba. Manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin maganin ma'aikatansu kai tsaye suna ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974, kuma Medicare ma ta tarayya ce. Ga masu 'yan uwa a can, yana da kyau a sani cewa tun 1996 yawancin baƙi masu takardar zama ta dindindin sai sun yi shekara biyar kafin su cancanci Medicaid, ko da yake jihohi da dama sun ɗage wannan sharaɗi ga yara da mata masu juna biyu. Saboda haka abin da ɗan uwa ke samu a New York yana iya bambanta ƙwarai da na wanda ke Teksas.