Daga gidan bidiyo zuwa Free Fire: wa ke tsaron ƙofa?

Duk wanda ya tashi a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji wajen shekarun 2000 ya san gidan bidiyo: zana a kewaye, tele bisa tebur, gurup na ƙara, a biya dala biyar a shiga. Nan muka ga Rambo da finafinan karate, in an fito kuma sai a hau gwada bugu a kan ƙanne. Amma gidan yana da ƙofa guda da mai shi, wanda kowa ya sani. In yaro ya gudu daga lakwal, mushe ya san inda zai same shi. In abin ya yi yawa, liman ko mai gari ya kira mai bidiyon a yi mashi magana.

Wannan gardama ta daɗe a duniya. A 1992 aka fito da wasan Mortal Kombat a Amurka, inda wanda ya ci yake iya fizge kan abokin karawarsa. Hankalin iyaye ya tashi, har majalisar dattawa ta zauna a kai cikin Disamban 1993, bisa jagorancin Joe Lieberman da Herb Kohl. A 1994 kamfanonin suka kafa ESRB, mai rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Turai ta bi sawu da PEGI a 2003: su ne lambobin nan 3, 7, 12, 16 da 18. Kusa da mu, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, mai ba gidajen kallo lasisi.

To, lokacin da PlayStation ta iso garuruwanmu, faifan na kwafi ne, da yawa babu ma kwali. Ko lambar 18 na nan, wa ya taɓa tambayar yaron da ya miƙo kuɗinsa ya kama manet? Ni dai ban gani ba. Sai dai ko a lokacin, uba na iya zuwa ya kamo ɗansa da hannu.

Abin da ya sauya komai shi ne salula. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na salula a 2018, duka wasan harbi ne har mutum guda ko ƙungiya guda ta rage. Iraƙi ta hana PUBG a 2019. Sin kuwa a 2021 ta ce ƴan ƙasa da shekara 18 awa guda kawai za su yi, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu, kuma sai sun shiga da sunansu na katin ɗan ƙasa.

A nan, layin da yaron ke wasa da shi sau da yawa da sunan uwarsa aka yanke shi. Ita ke sayen forfe, ta aike shi kai salular caji da la'asar, bai dawowa sai bayan isha'i.