Sabuwar Taya da Zafin Kwalta: Darasin Tseren Motoci ga Masu Bin Hanyar Katabu

Katabu gari ne a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, a kan babban titin Kaduna zuwa Zariya, daf da Mararraban Jos, inda hanyar Pambeguwa da Saminaka ta rabu da ta Kano. Tireloli da tankoki da motocin haya suna yada zango a nan dare da rana, shi ya sa masu faci da masu sayar da taya suka yawaita a bakin titin. Tun da aka sake gina titin, cikin aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018, kwaltar ta yi sumul, direbobi kuma suka ƙara gudu. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙarin gudu ƙarin zafi ne a jikin taya, kuma zafi ne kan gaba wajen kashe ta. Babu waɗanda suka nazarci wannan al'amari kamar masu tseren motoci, don haka akwai abin koyi a wurinsu ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati da ke bin wannan hanya kowane mako.

Inda zafin yake fitowa

Taya haɗi ce ta roba da zare da wayoyin ƙarfe, waɗanda aka gasa cikin zubi har suka zama abu guda. Duk lokacin da ta juya, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yakan lotsa sannan ya miƙe. Wannan lotsawa da miƙewa, wadda ke faruwa sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya, ita ce ke haifar da mafi yawan zafin, sai gogayya da kwalta da zafin birki su ƙara nasu. Abubuwa huɗu ne ke tsananta shi: gudu, nauyin lodi, ƙarancin iska, da zafin titi.

Roba tana da halin da ya sa lamarin ya zama mai fuska biyu. Idan ta yi sanyi takan taurare, ba ta kama titi sosai. Idan ta ɗumama takan yi laushi ta riƙe kwalta. Idan kuma zafin ya wuce kima, sai haɗin da ke tsakanin roba da waya ya fara saki, daga nan sai ɓarewa ko fashewa.

Yadda masu tsere ke sarrafa shi

A gasar Formula 1, wadda kamfanin Pirelli na Italiya ke samar wa tayoyi shi kaɗai tun 2011, tayar da ake amfani da ita a busasshen titi ba ta da zane ko kaɗan, kuma ba ta riƙe ƙasa yadda ya kamata sai zafinta ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka kafin a ɗaura ta, akan naɗe ta cikin bargon lantarki wanda ke ɗumama ta zuwa digiri 70. Karkace-karkacen da direbobi ke yi kafin a tashi tsere, da yawan taka birki, duk neman ɗumi ne.

Idan direba ya matsa wa taya tana da sanyi, fatarta takan yayyage ta dunƙule kamar tsaki, motar ta riƙa zamewa. Idan kuma cikinta ya yi zafi fiye da ƙima, sai ta yi bororo, gutsuren roba su ɓalle. Aikin direba da injiniyoyinsa shi ne riƙe ta tsakanin waɗannan iyakoki biyu. Akan auna zafin a wurare uku: gefen ciki, tsakiya, da gefen waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun fi zafi, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya ya zarce, saitin ƙafar ne ya karkace.

Haka kuma a wasu gasanni ba a afka wa sabuwar taya da cikakken gudu. Akan yi zagaye ɗaya ko biyu da ita a hankali, don a goge santsin samanta kuma ta ɗumama sannu a sannu, sannan a cire ta a bar ta ta huce, wani lokaci har tsawon yini guda. Tayar da aka yi wa haka takan fi daidaito a lokacin tsere.

Ko manyan kamfanoni kan sha kunya idan nauyin da aka ɗora wa taya ya fi ƙarfinta. A gasar Amurka da aka yi a Indianapolis cikin Yunin 2005, Michelin ta kasa ba da tabbacin cewa tayoyinta za su jure wata kwana mai tsananin gudu, sai motoci 14 suka janye, shida kacal masu tayar Bridgestone suka yi tseren.

Sabuwar taya a motar gida

Mai tsere yana neman zafi ne, shi kuwa direban Katabu zuwa Zariya zafin ne ke nemansa. Amma ƙa'idar saba wa sabuwar taya da titi ta shafe su duka. Dalili na farko, akan samu ragowar maiƙon da ke hana roba manne wa zubi a fatar sabuwar taya, wanda ke sa ta santsi har sai ya goge. Na biyu, zanenta yana da zurfi, don haka yakan ɗan yi motsi a kwana, sitiyari ya zama ba kamar yadda hannu ya saba ba. Na uku, ruwan sabulun da mai faci ke shafawa a bakin taya kafin ya zaunar da ita a rim yana iya sa ta zame a kan rim ɗin idan aka fizgi mota ko aka taka birki da ƙarfi a ranar farko.

Shawarar da masu sana'ar suka saba bayarwa ita ce a yi tuƙi a natse na kimanin kilomita 800 na farko a mota, da kimanin kilomita 160 a babur, ba fizga, ba birkin gaggawa, ba shiga kwana a guje. Lamarin ya fi muhimmanci da damina, lokacin da santsin roba ke haɗuwa da na ruwa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma a sake ɗaure notocin ƙafa, a sake auna iska.

Iska ita ce linzamin zafi

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ko murfin tanki, ko littafin mota. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a zuba kullum ba. Ana auna iska ne taya na da sanyi, wato bayan mota ta yi aƙalla awa uku a ajiye.

A nan ne wani kuskure ya zama ruwan dare. Direba ya taso daga Kano da tsakar rana, ya tsaya a Katabu, aka sa geji aka ga iska ta hau da psi huɗu ko biyar, sai ya ce a rage don kada ta fashe. Wannan hauhawa ta al'ada ce, kuma masu ƙera taya sun yi lissafinta. Idan aka rage, tayar za ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi, haɗarin da ake gudu ya ƙara matsowa. Abin yi shi ne a bar ta ta huce da kanta a inuwa.

Yanayi ma yana taɓa ma'aunin. Duk sauyin digiri biyar zuwa shida yakan motsa iskar da kimanin psi ɗaya. Tayar da aka cika da zafin watan Afrilu za ta nuna ƙasa da haka da sanyin asubar hunturu. Shi ya sa ake so a auna aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya.

Rubutun da ke jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da bayanin iyakarta. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 tana nufin za ta ɗauki kilo 615, harafin H kuma iyakar gudun kilomita 210 a awa. T na nufin 190, S kuma 180. Tayoyi da yawa suna da matakin jure zafi na A ko B ko C bisa tsarin Amurka, kuma A ce ta fi juriya, don haka ita ta fi dacewa da bazarar Arewa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2423 na nufin mako na 24 na 2023. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, musamman wadda aka jibge a rana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Zurfin zane kuma bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba.

Wannan bincike ya zama dole ne saboda yanayin kasuwar. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta dakatar da tata ta Ikeja a 2008, aka koma dogaro da na waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma suna nan a kasuwa saboda araha. Mai saye ba ya ganin irin zafin da suka sha a baya, domin ɓarnar tana ciki ne, tsakanin roba da waya.

Abin da sakaci ke jawowa

Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya danganta haɗarin da fashewar tayar baya, da gudun wuce sa'a, da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. A Amurka ma, cikin Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 saboda ɓarewar zane, wadda ta fi yawa a jihohi masu zafi. Wannan ne ya kai ga dokar da ta wajabta sa na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motocin ƙasar.

Idan taya ta fashe ana cikin gudu, abin da ake koyarwa shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali, a guji birki har sai gudun ya ragu, sannan a gangara gefe. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙananan motoci a babban titi, 90 ga motocin haya, 60 ga tirela da tanka. Alamomin da ke cewa a tsaya nan take su ne warin roba, girgizar da ba a saba ji ba, kumburi a gefe, da ƙafa ɗaya da ta fi sauran zafi, wanda sau da yawa birki ne ya kama ko iska ta tsiyaye.

Mai tsere yana da injiniyoyi da na'urori masu bibiyar zafin kowace ƙafa. Matafiyin da ya tsaya a Katabu yana da geji, da idonsa, da 'yan mintunan da zai zagaya motar kafin ya hau titi, kuma a yawancin lokuta waɗannan sun wadatar.